Bikin Chhath a bakin iyakar Indiya da Nefal: jirgin ya tafi ya bar ni

Duk wanda ke Indiya da fasfon Najeriya kuma yake son ganin bikin Chhath na mabiya addinin Hindu a birnin Janakpur na Nefal, kada ya bi ta Jaynagar, garin bakin iyaka a ɓangaren Indiya. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2022, wanda ke tashi daga can ya tsallaka Nefal, na 'yan ƙasashen biyu ne kawai. Yarjejeniyar 1950 ta buɗe musu iyaka, mu baƙi kuwa sai ta mashigar da ake buga hatimi, kamar Raxaul zuwa Birgunj. Ga bizata a hannu, wadda na sha wahalar nema tun a Delhi saboda Nefal ba ta ba ɗan Najeriya, Ghana ko Kamaru biza a bakin iyaka, amma aka ce ba ta nan ba. Tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba! Har yau abin na yi mini ciwo.

Abokin karatuna, ɗan gundumar Madhubani inda Jaynagar take, shi ya ce ba zagayen da zan yi ana gobe babbar rana, in kwana ƙauyensu. A nan na ga bikin, a gaɓar kogin Kamala.

Kwana huɗu ake yi a watan Kartik na kalandar Hindu, 'yan kwanaki bayan Diwali, bikin fitilu, rana suke bauta wa tare da allahiya Chhathi Maiya. Ni kallo ya kai ni, kuma ba wanda ya matsa mini in taɓa wani abu. Mahaifiyar abokina ta yi azumin awa 36, ko ruwa ba ta kurɓa ba, dattijuwa ce fa. Da yamma ta shiga kogi har ƙugu, riƙe da faifan gora shaƙe da ayaba, kwakwa da thekua, wani soyayyen abin alkama da mazarƙwaila, ga rake a kafe gefenta, ta fuskanci rana tana faɗuwa. Kafin asuba suka koma cikin ruwan nan mai sanyi suna jiran fitowarta. Ba malamin addini a tsakani, matan ke jan ragamar komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyakar kanta. Turken siminti ne fari a tsakiyar gonar shinkafa da ta isa yanka, yaro na kora ɓauna yana wuce shi. Yare ɗaya ne a ɓangarorin biyu, Maithili, kuma auratayya ta haɗa su kamar Jibiya da Maraɗi. Yayar abokina daga gidan mijinta a Nefal ta zo, a bayan keke, ba ko takarda. Ni mai biza da hatimi ina tsaye ina hangen ƙasar.

Daga baya na zagaya ta Raxaul, wuni guda a mota, kuɗin ma ya ninka. Na isa Janakpur an watse, ana share tafkin Ganga Sagar, sai haikalin Janaki na 1910 na gani. Kafin ka sayi tikiti, tambayi ko mashigar na karɓar baƙon fasfo, ka kuma duba bizarka ta Indiya tana ba ka damar sake shiga.