Daga Salak zuwa Garwa, ta sama da ta ƙasa

A shekarar da gwaggona ta tafi sauke farali, ni aka ɗora wa nauyin raka ta daga Marwa zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, domin daga can ne jirgin alhazansu zai tashi. Mun baro gida bayan sallar asuba, kuma ba mu yi nisa ba sai ga mu a Salak, inda filin jirgin saman Marwa yake, kimanin kilomita 20 kudu da birnin. Da na nuna mata mashigar filin, sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, ga filin jirgi a ƙofar gidanmu, ina kuma za ka kai ni?" Na ce, "Gwaggo, sai haƙuri, da sauran tafiya." Tun daga ranar nake yawan tunani a kan tazarar da ke tsakanin waɗannan filaye biyu.

Idan aka auna ta sama, tsakanin filin Salak da filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Garwa bai wuce kimanin kilomita 160 ba, tafiyar da jirgin fasinja kan cinye cikin abin da bai fi rabin awa ba sosai, har ma matafiyi bai gama gyara zama ba za a ce ya ɗaura ɗamara don sauka. Ta ƙasa kuwa lissafin daban ne. Babbar hanya mai lamba 1 tana da kimanin kilomita 210 daga Marwa zuwa Garwa, saboda haka wanda ya taso daga Salak yana da kusan 190 a gabansa, kuma motar haya kan ɗauki awa 3 zuwa 4 idan Allah ya sa babu matsala.

Wannan hanya na san ta kamar yunwar cikina. Daga Salak sai Muturwa, sai mararrabar Magada, inda masu zuwa Kaele da Yagwa suke rabuwa da mu, sai Figil mai masana'antar siminti, inda manyan motocin kaya suke rage wa kowa gudu, sannan Pitowa, wadda idan aka dace da ranar Lahadi kasuwarta kan cika bakin titi da mutane da dabbobi. Ga tsayawa a shingen jandarmomi, ga wuraren biyan kuɗin hanya, ga kuma zafin da duk wanda ya san Garwa ya san shi. Saurayi kamata ba zai damu ba, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda doguwar tafiya zuwa Saudiyya take jira, wannan awa huɗun ba ƙaramin abu ba ne a gare ta.

A ganina, duk mai shirya tafiya a wannan yanki ya kamata ya yi lissafi da hanyar mota, ya bar abin da taswira ta nuna, musamman da yake yawancinmu ba daga Marwa muke farawa ba. Wata dattijuwa da ta zauna kusa da gwaggo daga Kuseri ta taso, ta ratso Waza da Mora, sama da kilomita 250 kafin ma ta iso Marwa. Da muka sauka a Garwa da hantsi, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai gwaggo ta ciro nata silifas daga jaka ta miƙa mata.