Mako Guda a Lamu, Ina Bin Bayan Masu Shara

Shekara 31 na yi ina aikin duba-gari kafin na yi ritaya, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki idonsa ba ya komawa yadda yake. Idan ya shiga baƙon gari, jama'a na ɗaga kai suna kallon benaye, shi kuwa ƙasa yake kallo: ina ruwan wanka yake bi, ina ake zuba shara, wa yake kwashewa. Ɗana ya san halina. Da ya gama wani aiki da ya kai shi Mombasa a ƙasar Kenya, aka ba shi hutun mako guda, sai ya ce mini, "Baba, zo in kai ka garin da mota ba ta shiga, ka ga yadda suke yi da shararsu." Ban tsaya neman ƙarin bayani ba.

Ƙaramin jirgi muka hau, ba mu cika awa guda a sama ba muka sauka a tsibirin Manda, domin ita Lamu ba ta da filin jirgi a kan tsibirinta. Daga filin aka taka da ƙafa zuwa bakin ruwa, aka zuba mu a kwale-kwale mai inji da kayanmu, muka tsallaka mashigin da ya raba tsibiran biyu. Tun daga tsakiyar ruwa garin ya bayyana: fararen gidaje na dutsen murjani a jere, wasu da rufin ganyen kwakwa da suke kira makuti, jiragen katako masu tafiya da iska a ɗaure a gaba. Hukumar UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, saboda yana cikin tsofaffin garuruwan Sawahili da aka fi adanawa, kuma ba a taɓa daina zama a cikinsa ba tsawon fiye da shekara 700. Wannan duk baƙo zai ji shi kafin ya ajiye jaka. Ni abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ramukan da ke jikin katangar bakin teku, waɗanda ruwa ke zirarowa daga cikinsu.

Washegari Litinin, ana idar da sallar asuba na bi su in ga tushensu. An gina garin ne a kan gangare, daga tudu zuwa teku, kuma lungunan da suka gangaro kowanne da 'yar siririyar kwata a gefensa ko a tsakiyarsa, buɗe, faɗinta bai fi taƙi guda ba. Ruwan wanka da na wanke-wanke da na sama duk nan suke bi, su faɗa teku. Bahaya ba ta bi nan, tana da raminta a cikin gida. Babu injin da ke tura ruwan, gangaren ne kawai yake aikinsa kamar yadda magina na farko suka tsara. Amma tsari irin wannan yana da sharaɗi ɗaya: kullum sai an sa hannu. Leda guda ko ɓawon kwakwa ya isa ya tare hanya, kafin azahar ruwa ya kwanta a ƙofar gidan wani.

A nan na gamu da mutumin da na fi daɗewa da shi a wannan tafiya, wani ma'aikacin tsafta na hukumar gari, zai yi shekara 50, da baro da shebur da wani lanƙwasasshen ƙarfe da yake zaƙulo datti da shi. Na yi masa sallama ya amsa, ya kira ni Mzee, wato dattijo. Da ɗana ya gaya masa aikin da na yi a rayuwata, sai ya jingina shebur ɗin ya sake ba ni hannu. Na tambaye shi yadda suke raba aikin mako. Ya ce a takarda akwai unguwar da ake bi kowace rana, amma wanda yake raba aikin na gaskiya shi ne wata, ya nuna sama da yatsa.

Sai da ya yi bayani na fahimta. Teku tana cikowa sau biyu tana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika daren 14, cikowar tana yin ƙarfi fiye da kullum. Suna kiran wannan bamvua. A kwanakin nan ruwan gishiri yana hawa har ya rufe bakin kwatocin, wani lokaci ya malalo kan hanyar bakin teku. Duk abin da aka bari a kwata sai teku ta turo shi baya, ta ƙara da nata: ciyawar ruwa, robobi, silifas, guntun raga. Saboda haka kafin bamvua sai sun bi bakunan nan ɗaya bayan ɗaya sun buɗe su, kuma ba a iya yin hakan sai ruwa ya janye, ko da ƙarfe nawa ne. Bayan ta wuce kuma su dawo su kwashe abin da ta bari. Na yi shekaru ina tsara jadawalin ma'aikata, ban taɓa tunanin akwai inda ake duba wata kafin a rubuta shi ba.

Sharar gida kuwa, lungunan sun yi ƙunci ƙwarai, wasu in jaki ya taho da kaya sai mutum ya raɓe jikin bango. Don haka da baro da amalanke da jakuna ake fito da ita zuwa bakin teku, inda hanya ta ɗan buɗe, tarakta ta ja ta zuwa juji a bayan gari. A mako ɗin nan kaf abin hawa mai ƙafa huɗu da na gani bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sai dai babura da suka fara yawa a bakin ruwa. Jakuna ne dubbai suke ɗaukar garin a bayansu: yashi, dutse, sumunti, buhunan abinci, duk a mangala. Kuma inda jaki yake da yawa kashinsa ma aiki ne na kullum. Mutumin nan ya ce rabin abin da yake sharewa da safe shi ne. Kashin jaki bai taɓa ba ni tsoro ba, rana ta buge shi ya bushe. Abin da ya dame ni shi ne jakunan da na gani suna kiwo a kan bola. Kenya ta haramta ledar cefane tun 2017, kuma an ga amfanin dokar, amma robar ruwa da ledar kunshin kaya suna nan, jaki kuwa ba ya tantancewa. Akwai asibitin jakuna a bakin teku da aka buɗe a 1987, ana duba su kyauta, kuma toshewar ciki saboda roba na cikin cututtukan da ake kai musu. Wanda ya yar da roba a lungu bai san jakin maƙwabcinsa ya cuta ba.

Ran Laraba muka tafi Shela, ƙauyen da ke kudu da garin, tafiyar kamar minti 40 a ƙafa ta bakin ruwa. Bayan ƙauyen akwai tuddan yashi masu tsawo da suka bi gaɓar teku na kusan kilomita 12. Masu yawon buɗe ido hoto suke zuwa ɗauka. Amma ruwan shan Lamu a ƙarƙashin yashin nan yake. Ruwan sama yana nutsewa cikin rairayi, kuma da yake ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, sai ya zauna a samansa kamar mai a kan ruwa. Rijiyoyin da ke ba gari ruwa nan aka haƙa su, ana jan ruwan da inji zuwa tankuna, daga nan ya bi bututu. Wani matashi da muka tarar yana duba injin ɗaya daga cikin rijiyoyin ya ce aikinsa na mako bai wuce abu uku ba: ya auna zurfin ruwa, ya ɗanɗana ko zartsi ya fara shiga, ya bi bututu ya nemo inda yake yoyo. Ya ce haɗarin shi ne zari. In aka ja fiye da abin da damina ta zuba, ruwan gishiri zai taso daga ƙasa ya cika gurbin, kuma rijiyar da ta yi zartsi ba ta saurin dawowa. Shi ya sa ake kashe inji a huta, ake kuma ba unguwanni ruwa bi da bi lokacin rani, ko da mutane za su yi ƙorafi. Shi ya sa kuma ake hana gini a kan tuddan, duk da cewa babu filin da masu kuɗi suka fi kwaɗayi a tsibirin kamar su. Na tsaya a kan yashin nan ina tunanin cewa gari mai shekara 700 yana rataye ne da haƙurin wanda zai kashe inji alhali ana kiran wayarsa ana neman ruwa.

A hanyar dawowa mai masaukinmu ya nuna mini wani abu da ya faranta mini rai fiye da duk ƙofofin da aka sassaƙa. A tsofaffin gidaje da masallatai akwai kwarmin ajiye ruwa na gini, birika, kuma al'adarsu ce su saka ƙananan kifaye a ciki su cinye tsutsar sauro. Abin da muka yi shekaru muna bi gida-gida muna roƙon mutane su kula da shi, kakanninsu sun magance shi da kifi biyu.

Sauran sassan aikin gari ban zauna da su sosai ba. Da safe na ga masu karɓar kuɗin shiga a kasuwar da ke gefen tsohuwar ganuwa, wato babban ginin tsaro na garin, suna bin rumfuna da rasit, wani jami'in lafiya kuma yana duba teburan masu kifi da nama. A mashigar jirage akwai masu lura da kayan da ake saukewa daga Mokowe, garin da ke ƙetaren ruwa a babban yankin ƙasa, inda hedikwatar gundumar Lamu take. Tun da tsarin mulkin Kenya na 2010 ya fara aiki sosai a 2013, aka raba ƙasar gunduma 47, shara da kasuwanni da ruwan sha da kashe gobara suka koma hannun gundumomi, Lamu kuwa ɗaya ce daga ciki. Ita ganuwar an gina ta ne tsakanin 1813 da 1821, ta yi zama gidan yari har 1984, yanzu tana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Wanda zai gyara gida a tsohon gari sai ya nemi izini, a duba ko zai yi da farar ƙasa da murjani da sandunan mikoko, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kamar yadda aka gada. Na ga wani magini yana jiran a zo a duba masa bango, ransa a ɓace saboda sumunti ya fi masa sauƙi. Na tausaya masa, amma na fi ganin gaskiyar masu dubawa: sumunti yana riƙe danshi a cikin murjani, bangon ya riƙa ruɓewa daga ciki.

Gobara ce abin da na kwana da shi a rai. Gidaje manne da juna, rufin makuti busasshe, iska daga teku ba ta tsayawa, lungu kuma ba ya ɗaukar motar 'yan kwana-kwana. A 2009 wuta ta cinye ɗaruruwan gidaje a Faza, a tsibirin Pate da ke cikin wannan gunduma, kuma har yanzu in aka ambaci sunan garin sai fuskar mutane ta canza. A wuri irin wannan rabin aikin kashe gobara kafin ta tashi ake yin sa: a duba wayoyin lantarki, a hana tara kaya a bakin lungu, a san rijiyar da ta fi kusa da kowace unguwa.

Ran Juma'a muka yi salla a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, inda ake babban Maulidin da ke tara jama'a daga ko'ina a gabashin Afirka. Da muka fito na hangi mutumina cikin farar riga da hula, sai da ya yi mini magana na gane shi. Ya ce, "Mzee, gobe bamvua za ta fara, in kana son gani ka fito da wuri." Na tambaye shi yadda suke yi lokacin Maulidi, da baƙi suka ninka mutanen gari. Ya ce ba sa barci, shi ke nan.

Na fito da wuri. Ruwa ya janye nesa, jiragen katako sun kwanta a kan laka ta gefe guda, su huɗu suna ƙasan katanga da takalman roba suna zaƙulo bakin kwatoci, ɗaya yana miƙa bokiti sama, wani yana juyewa a baro. Na karɓi ƙarfen na buɗe rami ɗaya da hannuna. Baƙin ruwa ya yi tsalle ya fito, ya bi laka ya nufi teku. Zuwa la'asar ruwa ya dawo ya shafe wurin da muka tsaya, ya hau har yana lasar gefen hanya, yara suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ciki.

Ran Lahadi mai kwale-kwale ya ce mu fito kafin ƙarfe 9, don kada janyewar ruwa ta sa mu taka laka da kaya. Muna tsallakawa zuwa Manda na waiwaya, na hango tarakta tana tafe a hankali a bakin teku, mutum biyu suna bin ta a baya da shebur.