Ersatz da jabu ba ɗaya ba ne

A shekarata ta farko a aikin fassarar labarai aka miƙo mini wani rubutu kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka siffanta kofin da Jamusawa ke sha da kalmar ersatz. Na leƙa ƙamus, na ga an ce kwaikwayo ne maras inganci, sai na rubuta "jabun kofi" na wuce. Editanmu, wani dattijo da ba ya rabuwa da jan biro, ya zagaye kalmar ya kira ni.

"Ɗana, wa aka cuta a nan?"

Na yi shiru. Ya ce, "To in ba a cuci kowa ba, ina jabu ya fito?"

Ranar na bi diddigin kalmar. Ta Jamusanci ce, ma'anarta madadi, kuma a bakin masu ita babu raini a cikinta: kayan gyaran mota Ersatzteil suke ce masa. Yaƙi ne ya ɓata mata suna. Daga 1914 sojojin ruwan Birtaniya suka toshe wa Jamus hanyoyin teku, kofi ya yi ɓatan dabo, mutane suka koma gasa sha'ir da saiwoyi su niƙa su dafa. Mai sayarwa ya san ba kofi ba ne, mai saye ma ya sani, da babu gara ba daɗi. A Yaƙin Duniya na Biyu fursunonin Ingila suka sha irin wannan a sansanonin Jamus, suka koma gida da kalmar da ɗacinta. Shi ya sa yau in Bature ya kira abu ersatz, nufinsa ya tsaya a gurbin na asali amma bai kama ƙafarsa ba.

A Kantin Kwari na ƙara gane bambancin. Atamfar da aka manna wa tambarin Holan na ƙarya, wannan jabu ce, akwai ha'inci a ciki. Amma in mai shago ya warware turmi ya ce, "Hajiya, wannan ba Holan ba ce, sai dai za ta fitar da ke kunya," ai bai zalunci kowa ba. Da fassarata ta farko ta fita, da na ɗora wa mutanen da yunwa ta matsa laifin algus.

Na goge, na rubuta "madadin kofi na lokacin yaƙi". Dattijon ya karanta sau biyu, ya ajiye jan bironsa, ya miƙo mini labari na gaba.