Kafin a binne ƙasusuwan da aka tsinta a daji

Ni likita ne a wani asibitin gwamnati a Zamfara, kuma yanayi ne ya tura ni aikin tantance ƙasusuwa. Tun da kashe-kashen 'yan bindiga suka yi ƙamari a yankunan Ɗansadau, Zurmi da Anka, duk lokacin da abin ya ɗan lafa mutane suka koma gonakin da suka gudu suka bari, sai fartanya ta tono abin da ba a shuka ba. 'Yan sanda kan zo da buhu su ce, "Likita, duba mana, na mutum ne ko na dabba?" Wannan ba ta da wuya. Mai wuyar ita ce, wane ne?

Buhun nan shi ne babbar matsalata. Kafin ya iso, an riga an kwashe komai da shebur, an bar haƙora da ƙananan ƙasusuwan hannu a cikin ƙasa, wani lokaci ma an haɗa mutum biyu wuri guda. Babban mutum yana da ƙashi 206, amma da wuya rabinsu ya iso gabana, don kura da dila sun ja nasu, gara ta ci nata. Shi ya sa na roƙi 'yan sanda su riƙa kirana tun ƙashi yana inda aka gan shi.

Haka aka yi a wani ƙauye a ƙasar Maru, inda manomi ya ci karo da ƙwarangwal a bakin rafi. Na tarar har an kawo likkafani. Na durƙusa gaban mai gari na ce, "Ranka shi daɗe, a yi mini haƙuri zuwa la'asar." Ya ce, "Likita, bawan Allah nan ya daɗe a waje, sutura yake jira." Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa ganin gaggawar mutanenmu wajen binne mamaci a matsayin jahilci ba, girmamawa ce. Na dai nuna masa cewa in aka rufe shi yanzu, an rufe har da sunansa, alhali wata uwa tana can tana jiran labari. Liman ya goya mini baya.

Muka ɗauki hoto kafin a taɓa komai, muka tankaɗe ƙasar wurin da rariya, haƙora suka fito. Na jera ƙasusuwan a kan farin ƙyalle. Ƙashin ƙugu na fara dubawa, domin shi ya fi faɗin gaskiya kan jinsi: na mace a buɗe yake saboda haihuwa, na namiji a tsuke. Wannan namiji ne. Turamen haƙoransa na can ƙarshe, waɗanda kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, sun fito. Ƙashin da ya taso daga ƙirji zuwa kafaɗa, wanda shi ne na ƙarshe da ke gama haɗewa a jiki, ya kusa rufewa, wato mutumin ya wuce ashirin, bai yi nisa da talatin ba. A bayan ƙoƙon kai akwai huda zagayayya, bakinta ya fi faɗi ta ciki, yadda harsashi ke yi in ya shiga. Karayar da ta faru tun ƙashi yana ɗanye launin bakinta ɗaya da sauran ƙashin, wadda ta faru bayan ya bushe kuwa bakinta fari ne. Da wannan nake raba aikin makashi da na kofaton shanu.

Duk wannan bai ba ni suna ba. Matasa nawa ne masu irin shekarun nan suka ɓace a yankin? Abin da ya taimake mu shi ne ƙwaurinsa na hagu. A tsakiya akwai kumburi mai tauri, ƙashin ya haɗe a ɗan karkace, ya fi ɗan'uwansa gajarta: tsohuwar karaya ce da aka yi wa ɗorin gida. A ƙasashen Turai fayil ɗin likitan haƙori ake nema a gwada. Mu ba mu da wannan, amma muna da ɗori, da wushirya, da giɓi, da haƙorin Makka, da laya ko zobe, da aikin wuyan riga wanda telan da ya ɗinka zai gane hannunsa. Auduga kan ruɓe, yadin roba da takalmin roba kuwa suna daɗewa.

Ƙa'idata ita ce ba na nuna wa dangi komai sai na gama tambayarsu. Mai neman ɗansa zai iya ganinsa a kowane tsumma, ba don ƙarya ba, don zafin rashi. Iyalai da dama suka zo, na zauna da kowa shi kaɗai. Na ce wa wata tsohuwa, "Inna, ya taɓa jin ciwo a jikinsa?" Ta ce, "Ɗan nan, yana yaro ya faɗo daga bisa mangwaro, ƙafar hagu ta karye, tun daga nan yake ɗan ɗingishi." Ta ambaci wushirya ba tare da na tambaya ba. Maɗorin yana raye, aka kira shi, ya ɗora yatsa a nasa ƙwaurin daidai inda kumburin yake a ƙashin mamacin.

A rahotona na rubuta cewa alamomin sun dace da wanda ake nema, ban rubuta lalle shi ne ba. Alƙali ya haɗa da shaidun da suka ga ranar da aka tafi da shi, ya tabbatar da rasuwa. Wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, gado kuma ba ya rabuwa sai an tabbatar da mutuwa. Matarsa ta shiga takaba, marayunsa suka san matsayinsu.

Da yawa ba sa ƙarewa haka. Inda babu ɗori babu wata alama, gwajin ƙwayar halitta ne kaɗai mafita. Da shi aka gano kusan mutum 7,000 cikin kimanin 8,000 da aka kashe a Srebrenica ta ƙasar Bosniya a 1995, ta hanyar gwada ƙashi da jinin dangi. Jihar Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji a 2017, amma manomin da aka kore daga gonarsa ina zai samu kuɗin kai ƙashi Legas? Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana da rajistar mutum sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya. Abin da ke damuna shi ne iyayen suna tsufa suna mutuwa, kuma da su ake gwadawa. Kamata ya yi gwamnati ta fara karɓar samfurinsu tun yanzu.

Kafin nan, ga abin da nake yi da wanda ba a gane ba. Da izinin 'yan sanda da sanin liman, nakan ajiye turmin haƙori ɗaya da guntun ƙashin cinya a ambulan takarda, ba leda ba, don leda na tara laima ta lalata samfur. A yi masa sallah, a binne shi a kabarinsa shi kaɗai, a kafa ƙarfe mai lamba. Lambar nan tana kan ambulan, tana kan hotuna, tana cikin littafi uku: nawa, na 'yan sanda da na mai gari.