Tace hotunan shekara kafin a ɗora su a intanet

Duk ƙarshen shekara masu ɗaukar hoto kan fito da abin da suka tara, kowa ya baje kolinsa. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓe. Mutum zai ɗora hoto sittin, biyar a ciki masu kyan gaske, sauran su danne su har mai kallo ya gaji ya wuce. Mai ɗaukar hoto Robert Frank ya zagaya Amurka ya ɗauki hotuna fiye da 25,000, amma 83 kacal ya sa a littafinsa da ya fito a 1958. Da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara.

Tacewar zagaye uku ce. A zagayen farko ka tara hotunan shekarar wuri ɗaya, ka bi su da sauri, daƙiƙa ɗaya ko biyu kowanne. Wanda ya tsayar da idonka ka sa masa tauraro ɗaya a Lightroom, manhajar tsarawa da gyaran hotuna, ko wadda kake aiki da ita. Sai ka rufe, ka ba su mako guda. Wannan hutun yana da dalili: hoton da ka sha rana da tafiya kafin ka samu yakan yi maka kyau saboda wahalar, mai kallo kuwa bai san an sha ba.

Zagaye na biyu na binciken aibu ne, kuma a nan hoton fuska da hoton titi suke rabuwa. Hoton fuska ka buɗe shi ɗari bisa ɗari, ka duba idon da ya fi kusa da kyamara. Da gilashin kyamara na 85mm a buɗe sosai, wato f/1.8, mutum na tsaye nisan mita biyu, abin da zai fito tangaram bai wuce zurfin santimita shida ba. Kai ya ɗan motsa kaɗan, saitin ya faɗa kan hanci ko kunne, idon ya yi dishi-dishi. A fuskar waya ba za a lura ba, a kwamfuta kuwa asiri ya tonu. Duba kuma ko akwai ɗigon haske a ƙwayar idon, don idan babu shi fuskar kan zama kamar ba rai. Sannan launin fata: gyaran da ya goge kowane ƙurji da kowace tamoji yana mai da mutum kamar 'yar tsana.

Hoton titi ba a yi masa wannan tsananin. Ɗan girgiza ba ya kashe shi in dai lokacin ya faɗa daidai. Amma ka san abin da ya jawo girgizar: mai tafiya a ƙasa yana buƙatar saurin ɗauka na 1/250 na daƙiƙa, mai keke ko yaro a guje 1/500 ko sama. Abin da ya fi kashe hoton titi gefunansa ne. Bi kusurwa huɗun da ido. Rabin hannun wani da ya leƙo, turken fitila da ya tsiro daga kan mutum, farar mota a baya da ta fi komai haske, waɗannan su ke sace ido daga inda kake son ya tsaya.

A zagaye na uku ya kamata ka rage da kamar talatin. Wanke su ƙanana a takarda, ka shimfiɗa a tebur, ka rage zuwa goma ko sha biyu. Biyu masu kama da juna, ɗaya ya tafi, ko da duka kana son su. Mafi ƙarfi ya zo farko, na biye da shi a ƙarfi ya rufe. Instagram yana karɓar har 20 a jere ɗaya, amma ba dole ne a cika ba.

Sai fitar da fayil, wanda nan ma ake ɓata aikin shekara cikin minti ɗaya. Tsarin launin fayil ɗin ya kasance sRGB, wanda aka saba da shi a intanet. Idan aka bar shi a Adobe RGB, wasu manhajojin za su nuna shi a koɗe, ja da launin fata su fi shan wuya. Faɗin fiksel 1080 da tsayin 1350 ya dace da Instagram, Facebook kuma 2048 a ɓangaren da ya fi tsawo. Ingancin JPEG, wato nau'in fayil ɗin hoton, tsakanin 80 da 90 cikin ɗari ya isa. Kada ka tura hoton daga kwamfuta zuwa waya ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi. Tura shi a matsayin fayil. Ka kuma cire bayanan GPS, masu nuna wurin da aka ɗauki hoton, musamman idan a gidan mutum aka ɗauka. Wanda ka ɗauki fuskarsa da izini, sake tambayarsa kafin ɗorawa, don yarda a ɗauka daban, yarda duniya ta gani daban. Yara kuwa sai da amincewar iyaye.

Game da yaba aikin wasu, "ya yi kyau" da alamar wuta ba sa ƙara wa mai hoto komai. Faɗi abin da ka gani: hasken taga da ya raba fuskar biyu, ko yadda ya jira har inuwar mai wucewa ta kai bakin ƙofa. In kana da gyara, tambaye shi ko yana so, sannan ka kawo ɗaya tak. Idan za ka yaɗa hoton, yi amfani da maɓallin rabawa domin sunansa ya bi aikinsa. Ɗaukar hoton allo yana yanke sunan, ya kuma rage ingancin da ya zauna ya gyara.