Ranar da kujerar zinariya ta koma mai ruwan ɗorawa

Shekara biyu na yi ina wani aiki da har yau in an tambaye ni sunansa sai na ɗan yi jim. Wani ɗan shago ne a Aboabo, cikin Kumasi, kwamfuta huɗu da fanka ɗaya mai ƙara kamar injin niƙa. Maigidanmu yakan karɓo rubuce-rubucen Turanci daga masu shafukan intanet, mu kuma mu canza musu riga: a cire kalma a sa 'yar'uwarta, yadda mai karatu zai ɗauka sabon rubutu ne. Doka biyu ya kafa mana. Kada a taɓa suna, na mutum ne ko na gari ko na kamfani. Kada kuma a taɓa tsari: kanun labari ya tsaya inda yake, sakin layi ma haka, kalmar da aka yi wa kauri ta zauna da kaurinta. In ka gama a zuba a Copyscape, shafin da ke gano rubutun da aka kwafa, in bai kama ka ba a turo maka 'yan sidinka ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya.

A 2015 ne, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, ke gasa mana aya a hannu. Wuta ta zo da ƙarfe ɗaya na dare, to da ƙarfe ɗaya za a yi aikin. Gaggawar nan ce ta sa muka koma ga wata manhaja da ke juya kalmomi da kanta. Za ka ga ta jera kalma uku ko huɗu cikin baka mai lanƙwasa, da sanda a tsaye tsakaninsu, kowane juyi ta zaɓi ɗaya.

Wata rana aka kawo mana rubutu kan yaƙin Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu, na 1900, wanda ya tashi bayan gwamnan mulkin mallaka na Ingila, Frederick Hodgson, ya nemi a kawo masa Sika Dwa Kofi, kujerar zinariya ta Asante, ya zauna a kai. Na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, Ejisu na nan, Hodgson na nan, shekara na nan. Na ce alhamdulillahi. Ashe marubucin ya sa sunan kujerar na Turanci da ƙananan haruffa, manhajar ta ɗauke ta kalma gama-gari, ta mai da ita “kujera mai ruwan ɗorawa”. Wani abokin aikinmu Ba'asante ya leƙo allona, ya karanta, bai yi dariya ba. Ya ce, “Ɗan'uwa, kujerar da Asantehene, sarkin Asante, kansa ba ya zama a kanta ka mayar ta roba irin ta gidan biki?” Kunya ta hana ni cin kokona da ƙosai ranar.

Wannan laifin na'ura ne, na samu abin fakewa. Na biyun da hannuna na yi. Labarin kotu ne, an ce ana zargin wani mutum da karkatar da kuɗin wurin aikinsa. Kalmar zargin ta fito sau uku, Copyscape kuwa na kama jimlar, sai na cire ta na rubuta kai tsaye cewa ya kwashe kuɗin. Sunansa na nan daram, yadda maigida ke so. Abin da ya sa ɓarnar ta yi muni ke nan, domin suna na gaskiya na jingina wa hukuncin da alƙali bai yanke ba. Kwana biyu rubutun yana kan intanet kafin mai shafin ya kira, yana faɗa kamar zai fito ta wayar.

Da daddare na ba kawuna labari, malamin makarantar allo ne, bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, “Ɗana, akuyarka in ta faɗi me za ka ce?” Na ce ta mutu. “Mahaifinka fa?” Na ce, Kawu, ya rasu. Ya ce to a ƙamus ɗinku ai ɗaya ne, je ka musanya su a gidan makoki ka gani. Tun daga ranar na daina yarda da jerin kalmomin da ake cewa ma'anarsu ɗaya. Zargi daban, tuhuma daban, laifi daban. Bashi ba kyauta ba ne ko da duka kuɗi ne suka shiga hannu. Na koma karanta sakin layi gaba ɗaya, in rufe shi, in tambayi kaina me aka ce, kafin in rubuta. Aikina ya ragu da rabi, kuɗina ma haka, maigida ya fara yi mini kallon rago.

Ni kuma ga ra'ayina, sana'ar tun asali a kan rairayi aka gina ta. Google ya fito da wani tsarin tace sakamakon bincike mai suna Panda tun 2011 don danne shafuka masu kwafe-kwafe da rubutu marar nama, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ba ta ce in ka canza wa rubutun mutum kalmomi ya zama naka ba. Mu dai muna shara ne muna turawa ƙarƙashin tabarma.

Shagon ya rufe daga baya. Kwanaki na haɗu da maigidan a Adum yana sayar da caja da murfin waya. Muka gaisa, ya tambayi Kawu, sannan ya ja ni gefe ya ce in duba masa wata takardar haya da aka ba shi ya sa hannu, akwai kalma ɗaya a ciki da bai yarda da ita ba.