Falon hutun filin jirgi ya koma tashar mota

Jama'a, wannan falon hutu na filin jirgin sama da ake ta zuzutawa, anya har yanzu hutu ake yi a cikinsa? Na tsaya canjin jirgi a wani babban fili, na ce bari in shiga in miƙe ƙafa kafin a kira mu. Tun daga bakin ƙofa layi ne, ma'aikaciya na rubuta sunaye, wai sai wani ya fito wani ya shiga. Da ƙyar aka zo kaina, na shiga babu wurin zama. Wani bawan Allah ya ɗora jakarsa a kujera ɗaya, kwat ɗinsa a ɗaya, ya lumshe ido wai shi barci yake. Wajen cajin waya kowa ya kasa ya tsare. Abinci kuwa an yashe, sai cokali a tire.

Da can sai mai tikitin babban aji ko wanda ya saba tafiya da kamfanin jirgin ke shiga. Yanzu bankuna sun mai da shi tukuicin katin bashi, ga Priority Pass mai buɗe wa mutum falo sama da 1,000 a duniya. Masu shiga sun ninka, ɗaki bai ƙara faɗi ba. Shi ya sa a Amurka Delta, kamfanin jiragen sama, tun 2022 ta ce sai ya rage awa uku jirginka ya tashi za ka shiga falonta, a 2025 kuma ta ƙayyade wa masu wasu katunan American Express yawan shigarsu a shekara. Ban ga alamar hakan zai isa ba, tunda bankunan ba su fasa tallar katin ba.